LINZAMIN KWAMFUTA MARAS WAYA: RAN BATIR YANA HANNUN MAI SAITI

A 'yan shekarun nan, duk wanda ya leƙa ɗakunan wasan kwamfuta da shagunan zane da ɗab'i da ke zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi a Akra har zuwa Aboabo a Kumasi, zai lura cewa ɗan abin nan da ake ja da hannu bisa tebur ya fara rabuwa da wutsiyarsa. Samarinmu na ce masa maus, malaman Hausa kuwa sun raɗa masa linzamin kwamfuta, suna kuwa ya dace, domin da shi ne ake juya akalar na'urar kamar yadda mahayi ke juya doki. Irin wanda aka ƙera musamman domin wasa ya fi na ofis sauri da rashin nauyi, ya kuma fi shi tsada nesa ba kusa ba. Akwai na dala 60, akwai kuma wanda kamfani ya sa wa dala 150 ko 160 tun a can inda aka fito da shi, kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa.

Kuka iri biyu ne muka fi ji daga bakin waɗanda suka zuba kuɗinsu a wannan kaya. Na farko, an rubuta a kwali cewa batir zai yi awa kaza, amma ko rabi bai kai ba ya mutu. Na biyu, manhajar da ake saita linzamin da ita ta yi nauyi, tana cin data, wani lokaci ma ta ƙi buɗewa. Mun ga ya kamata mu haɗa koke-koken nan biyu a wuri ɗaya, domin a gaskiya magana ɗaya ce. Awoyin da ke jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi, sharuɗɗan kuwa suna cikin manhajar. Wanda ya san abin da zai taɓa a cikinta, batirinsa zai daɗe. Wanda kuma ya san yadda zai adana saitinsa a cikin linzamin kansa, ya huta da manhajar baki ɗaya.

DAGA GUNTUN KATAKO ZUWA ISKA

Kafin mu shiga batun saiti, bari mu ɗan waiwaya. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart shi ne ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta, abokin aikinsa Bill English ya sassaƙa na farko da katako a 1964, aka kuma nuna wa duniya shi a birnin San Faransisko cikin watan Disamba na 1968. A 1991 kamfanin Logitech na ƙasar Suwizalan ya fito da linzamin da ke aika saƙo ta igiyar rediyo ba tare da waya ba. Sai dai shekara da shekaru gwanayen wasa sun ƙi karɓarsa, saboda yakan yi jinkiri, ga nauyin batir, ga fargabar ya mutu ana tsakiyar gasa.

Kamfanoni suka yi ta lalube. A 2005 Logitech ya fito da G7 mai batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kan caji, in wannan ya ƙare a zare a cusa wancan. A 2009 kamfanin Razer ya fito da Mamba, mai saurin da ya kamo na waya, amma awa 14 kacal yake yi in an duƙufa ana wasa. A 2016 sai ga G900, wanda ke yin awa 32 in an kashe fitilunsa. Babban sauyi ya zo a 2017, lokacin da aka samo sabon ido, watau ɗan gilashin nan na ƙarƙashin linzami mai ɗaukar hoton tebur dubban sau cikin sakan ɗaya, wanda ba ya shan wuta kamar na da. Daga nan lissafi ya yi ta hawa: G Pro Wireless na 2018 awa 60, G Pro X Superlight na 2020 awa 70, magajinsa na 2023 awa 95, alhali nauyinsa bai wuce giram 60 ba.

Haka harkar wasan ita ma ta girma. A gasar duniya ta wasannin kwamfuta da aka yi a Riyad ta ƙasar Saudiyya a 2024, kyaututtukan da aka raba sun haura dala miliyan 60. A nan gida ma, a wasannin ƙasashen Afirka da Akra ta karɓi baƙunci cikin watan Maris na 2024, an sa wasan kwamfuta cikin wasannin gwaji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in yaro ya ga abin da gwanaye ke riƙewa ya ce shi ma sai irinsa. Abin da ya rage shi ne ya san me ya saya.

ABUBUWA HUƊU MASU SHAN BATIR

Na farko kuma mafi girma shi ne yawan rahoto. Linzami ba ya zama shiru, kullum cikin gaya wa kwamfuta yake yi inda hannu ya kai shi. Yawan wannan rahoto cikin sakan ɗaya shi ne lambar da ake rubuta wa Hz a gefe. Linzamin ofis yakan kai rahoto sau 125, watau sau ɗaya a kowane milisakan 8, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Na wasa yakan kai sau 1000, sabbin na yanzu har 4000 da 8000. Kowane rahoto kuwa sai an kunna 'yar rediyon da ke ciki an aika shi, kowace aikawa tana lasar batir.

Alal misali, ga abin da kamfanin Razer da kansa ya rubuta game da Viper V3 Pro na 2024: a kan 1000 zai yi awa 95, amma a kan 8000 awa 17 ne kawai. Linzami ɗaya, batir ɗaya, bambancin wuri ɗaya ne da aka latsa a cikin manhaja. Mai wasan awa 5 a rana zai yi kwana 19 bai nemi caji ba a saitin farko, a na biyu kuwa ko kwana 4 ba zai cika ba. Masu karatu za su lura cewa awa 17 ɗin nan kusan ita ce ta Mamba na 2009. Watau da latsawa ɗaya mutum ya mai da kansa baya shekara 15, an gudu ba a tsira ba.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. G305 na Logitech, wanda ya fito a 2018 kuma yake aiki da batirin AA guda ɗaya, yana yin awa 250 a kan 1000. In aka shiga manhaja aka mai da shi saitin tattali, inda rahoto ke sauka zuwa 125, kamfanin ya ce zai iya kai wata 9 a aiki na yau da kullum.

Na biyu shi ne fitila. Hasken nan mai canja launi, ja, kore, shuɗi, ado ne kawai, ba ya ƙara wa kowa gwaninta, kuma da zarar an ɗora hannu tafin hannu ya rufe shi. Amma G Pro Wireless da muka ce yana awa 60, in aka bar fitilarsa a kunne awa 48 yake yi. G900 shi ma daga 32 yake komawa 24. Ashe kashi ɗaya cikin biyar, ko ma ɗaya cikin huɗu, na ƙarfin batir yana tafiya ne ga hasken da ba mai kallo. Ba banza ba aka cire fitilar ado ɗungum daga linzaman da ake ƙera wa gwanayen gasa a yanzu.

Na uku shi ne hanyar sadarwa. Wasu linzaman suna da hanya biyu: ta ɗan risiban da ake cusawa a kafar USB, da kuma ta Bluetooth. Ta risiba ta fi sauri, ta Bluetooth ta fi tattali domin rahotonta galibi wajen 125 ne. Orochi V2 na Razer, wanda ya fito a 2021, an ce yana awa 425 ta risiba, 950 ta Bluetooth, sai dai a lura da batirin litiyam aka yi awon, ba irin wanda muke saye a tebur ba. Dabara a nan ita ce, in ana rubutu ko lissafi a tura maɓallin ƙasa zuwa Bluetooth, in za a yi wasa a mai da shi risiba.

Na huɗu shi ne barci. Linzami na da dabarar yin gyangyaɗi in an ɗan jima ba a motsa shi ba, kuma a wasu manhajojin mai shi ne ke faɗin minti nawa zai jira. Wanda ya sa minti 15 ya tashi ya tafi salla ko cin abinci, linzaminsa zai yi ta gadin tebur a banza. Minti 2 zuwa 5 ya isa. In kuma za a jefa shi cikin jaka, a kashe maɓallin ƙasa, domin jijjigar tafiya tana tashe shi, ya yi ta aiki tun daga gida har tasha.

Akwai wata lamba da 'yan kasuwa ke son nunawa, watau DPI, wadda ke auna nisan da kibiya za ta yi a fuskar kwamfuta in hannu ya matsa inci ɗaya. Za ka ga an rubuta 12,000 ko 25,000 ko fiye. Kada wannan ya ruɗe ka. Yawancin gwanayen wasan harbi irin su Counter-Strike da Valorant suna tsakanin 400 da 1600 ne. Rage ta ba shi ne zai ceci batir ba, yawanta kuma ba dalilin ƙara kuɗi ba ne.

SHIN 8000 NA DA AMFANI GARE MU?

Tambayar da ta dace ke nan, mu kuma yi lissafi tare. Tsakanin rahoto 1000 da 8000, abin da ake ribata bai cika milisakan ɗaya ba. Fuskar kwamfuta ta gama-gari, irin wadda ta fi yawa a shagunanmu, tana sabunta hoto sau 60 cikin sakan, watau kusan kowane milisakan 17. Kafin ta nuna sabon hoto guda, linzami mai 1000 ya riga ya kai rahoto sau 16. In aka ƙara zuwa 8000 zai kai fiye da sau 130, amma hoton da ido zai gani guda ɗaya ne dai. Shi kansa ɗan Adam, tsakanin ganin abu da latsa yatsa yakan ɗauki wajen milisakan 200 ko fiye.

Daɗin daɗawa, yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗaukar nauyin wasannin intanet ba a yankinmu suke ba. Mai wasa daga Akra ko Tamale da aka haɗa da Turai, saƙonsa kan ci kusan milisakan 100 ko fiye kafin ya je ya dawo. Wanda ke da wannan rata a wuyansa, ina amfanin ya ƙona batir domin neman abin da bai kai milisakan ɗaya ba?

Ba muna cewa 8000 ƙarya ba ce. Ga mai fuskar kwamfuta da ke sabunta hoto sau 240 ko 360, da na'ura mai ƙarfi, motsin kibiya yakan ƙara santsi. Amma kowane rahoto aiki ne ga ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka tsohuwar na'ura ta hannu, irin wadda aka fi kawo mana daga Turai, tana iya fara sarƙewa a tsakiyar wasa in aka cika mata rahoto. A nan ne karin maganar nan ta Bahaushe ta faɗo daidai, cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ga yawancinmu 1000 ya wadatar, 500 ma ba laifi, domin milisakan 2 ne kacal.

MANHAJA: BARA KO UBANGIDA?

Kusan kowane kamfani na da tasa manhajar saiti. Ta Logitech ita ce G Hub, ta Razer Synapse, ta Corsair iCUE, ta SteelSeries kuwa GG. Da su ake zaɓen yawan rahoto, a kashe fitila, a ba kowane maɓalli aikinsa, a ga sauran ƙarfin batir, a kuma sabunta 'yar manhajar da ke cikin linzamin kansa. Babu mai musun amfaninsu. Matsalar ita ce an tsara su ne domin mutanen da intanet ba ta yanke musu, data kuma ba ta dame su ba. Saukar da su da sabunta su kan ci ɗaruruwan megabait, kuma da zarar an kunna kwamfuta sai su tashi su zauna a bayan fage suna cin wuri, ko da ba a neme su ba.

Ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. A 2012 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan Synapse, saboda sai mutum ya buɗe asusu ta intanet kafin ya iya saita linzamin da ya saya da kuɗinsa. Daga baya kamfanin ya buɗe hanyar shiga a matsayin baƙo ba tare da asusu ba. Har ila yau, a watan Agusta na 2021 wani mai bincike ya nuna cewa da zarar an cusa linzamin Razer a kwamfuta mai Windows, hanyar da manhajar ke girka kanta tana iya ba kowa cikakken iko a kan na'urar. An toshe wannan kafa daga bisani, amma darasi ne ga masu shagon da kowa ke shiga ya zauna gaban kwamfuta: kowace manhaja da aka ƙara, ƙofa ce aka ƙara.

Mu nan mun san abin da dogaro da intanet ke jawowa. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana da maƙwabtanta suka shiga kwanaki na wahala. Wanda ya sake wa kwamfutarsa Windows a wannan mako, kuma saitinsa duk yana cikin manhajar da sai an sauko da ita, sai dai ya rungumi hannu.

Maganin wannan yana cikin linzamin. Yawancin na kirki suna da 'yar ma'ajiya a cikinsu, inda ake iya rubuta saiti ya zauna daram. In ka saita a kwamfutar abokinka ko a shagon da ke da intanet mai kyau, ka adana a wannan ma'ajiya, to duk kwamfutar da ka kai shi zai tuna da saurin kibiyarka da yawan rahotonka ba tare da wata manhaja ba. Logitech ma yana da wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna Onboard Memory Manager, wadda ba ta buƙatar girkawa, aikinta ke nan kawai. Masu amfani da Linux suna da Piper da Solaar da OpenRazer, waɗanda 'yan sa-kai suka rubuta kyauta. Akwai kuma Zowie na kamfanin BenQ da ke Taiwan, wanda ya daɗe yana ƙera linzaman da ake saitawa da maɓallan jikinsu kawai. Abin lura ɗaya shi ne, wasu dabarun, kamar canja saiti da kansa in an buɗe wani wasa, ba sa aiki sai manhajar na kunne. Ga mafi yawan mutane wannan ba asara ba ce.

BATIRIN CIREWA KO NA CIKI?

Linzaman maras waya kashi biyu ne. Akwai mai batirin litiyam a rufe a ciki da ake yi wa caji kamar wayar hannu, akwai kuma mai cin batirin AA ko AAA. Na farko ya fi rashin nauyi, shi ya sa gwanaye suka fi son sa. Batirinsa ƙarami ne ƙwarai, 'yan ɗaruruwan mAh, alhali na wayar hannu kan kai 4000 zuwa 5000, don haka ko ƙaramin bankin caji ya ishe shi sau da yawa. Sai dai wasu bankunan kan kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, a riƙa dubawa. Kazalika ana iya ci gaba da aiki da shi yana jone da waya.

Amma batirin litiyam yana tsufa. Bayan an cika shi an juye sau ɗari uku zuwa ɗari biyar, ƙarfinsa kan fara ja da baya. A nan ma saiti ya shigo: mai caji duk bayan kwana 3 zai cinye rabonsa tun kafin mai caji duk bayan mako 3 ya yi nisa. Babban abokin gabansa kuma shi ne zafi. Ƙa'idar irin wannan batir ita ce kada a yi masa caji a zafin da ya haura digiri 45, mu kuwa a arewacin ƙasar nan, wajejen Tamale da Bolgatanga, zafin watan Maris kan wuce 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano ko mota a rufe. Kada a bar shi a rana, kada a bar shi jone da wuta dare da rana, kada kuma a ajiye shi watanni babu ko ɗigon caji. In aka ga bayansa ya kumbura ko maɓalli ya fara ɗagawa, a daina amfani da shi nan take.

Mai batirin AA ya fi nauyi, G305 giram 99 ne, amma yana da wata daraja da duk wanda ya ga zamanin dumsor na 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta 12, zai gane: in ya mutu, cikin minti ɗaya an sauya an ci gaba. Bayan shekara biyar ma batirinsa sabo ne, tunda a shago ake sayowa. Sai dai batir suna suka tara. Mai arhar nan da ake sa wa tocila da rediyo ba ya ɗaukar wuta kamar alkalin, kuma ya fi saurin yoyo ya ɓata ƙarfen ciki, awa 250 ɗin ba da shi aka auna ba. Na litiyam ya fi daɗewa, ya kuma fi sauƙi, wajen giram 15 maimakon 23. Ga mai ɗakin wasa kuwa, lissafi a fili yake: linzamin da ke aiki awa 12 a rana zai cinye batir cikin mako 3, in yana da guda 10 zai sayi batir fiye da 170 a shekara. Gara ya sayi masu caji irin NiMH da cajarsu sau ɗaya. Abin sani kawai shi ne ƙarfinsu bolt 1.2 ne maimakon 1.5, don haka ma'aunin batir na iya nuna ya kusa ƙarewa alhali da saura. Wasu manhajojin suna da wurin da ake faɗa musu irin batirin da aka sa.

IN ZA KA SHIGA KASUWA

Ɗan'uwa mai niyyar saye, ko a Tip Toe Lane ne kusa da Circle ko a Adum, ga abubuwan da muke ba ka shawara ka duba. Da farko, ka tabbata risiban yana nan kuma nasa ne, musamman in na hannu ne, domin linzamin wasa ba risiba gangar jiki ce ba rai. Na biyu, ka sani G305 shi ne ake kira G304 a ƙasashen Asiya, wannan ba alamar jabu ba ce, amma jabunsa sun yi yawa a kasuwannin duniya. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a jona shi a kwamfutar da ke da manhajar kamfanin, in ba ta gane shi ba, ka riƙe kuɗinka. Kada ka yarda da sayen kifi a ruwa. Na uku, ka tambaya ko yana da ma'ajiyar saiti a cikinsa. Na huɗu, in mai batirin ciki ne kuma na hannu, ka sa a ranka cewa awoyin kwali na sabon batir ne, ka yi ciniki a kan haka.

In ka kai shi gida, ka yi saitin sau ɗaya: rahoto 1000 ko 500, fitila a kashe, barci minti 2 zuwa 5, saurin kibiya daidai hannunka, sannan ka adana a cikin linzamin ka hana manhajar tashi tare da kwamfuta. Risiba kuwa ka kawo shi kusa da linzami da 'yar wayar ƙari da akan haɗo a kwali, kada ka ɓoye shi a bayan akwatin kwamfuta. Tun 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa kafar USB 3.0, mai shuɗin baki, tana fitar da hayaniyar da ke damun na'urori masu aiki a zangon 2.4 GHz, wanda shi ne zangon risiban. Sau da yawa tsallen da kibiya ke yi ba laifin batir ba ne, wannan ne, ko kuma ƙurar hunturu ce ta toshe ido, sai a goge da auduga busasshiya.

INA ZA SU ƘARE?

Akwai wata magana da ta shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera kayan. Linzamin da idonsa lafiya, maɓallansa lafiya, amma batirin ciki ya mutu kuma an manne shi, yakan ƙare ne a juji. Mu da muka ga hayaƙin Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021, da yawan samarin arewa da suka ci abinci a cikin wannan hayaƙi suka kuma kwashi cutarsa, mun san inda tarkacen lantarki ke zuwa. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da za ta tilasta, daga watan Fabrairu na 2027, a riƙa ƙera yawancin na'urorin hannu yadda mai su zai iya cire batir ya sauya da kansa. Tun ƙarshen 2024 kuma ta wajabta kafar caji iri ɗaya, USB-C, ga sabbin na'urori da dama, ciki har da linzamin kwamfuta. Tunda kayanmu da yawa daga can suke biyowa, muna fata alherin dokar zai iso mu. Kafin nan, masu gyaran wayar hannu na zangunanmu suna iya buɗe da yawa daga cikin linzaman nan su sauya batir, in an samo daidai girmansa da ƙarfinsa. A gwada su kafin a yar, mataccen batir kuma kada a jefa shi cikin wuta.

Ga iyaye kuma, in yaro ya zo yana neman kuɗin linzami, ba lallai ne a kore shi ba, domin da irinsa ne wasu ke koyon zane da haɗa bidiyo har su ci abinci. A dai zauna da shi a tambaye shi: awa nawa batirin ke yi, a kan wane saiti, in ya mutu ana sauyawa, kuma zai yi aiki ba tare da intanet ba? In ya iya amsa waɗannan huɗu, ya san abin da yake nema. In ya kasa, a ba shi wannan shafi ya karanta tukuna. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma sa albarka a cikin abin da muke kashewa.